Jinin da nake nuna wa ɗalibai

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, gajiya ce kawai.

Idan zan koya wa ɗalibai gwajin jini, yatsana nake sokewa, su ga jinin mai lafiya a madubin likita. Rannan wata ɗaliba ta ɗago kai ta ce, "Malam, fararen ƙwayoyin nan sun yi yawa. Jinin wane ne?"

Na leƙa, na ba ta cikakken maki. Da na je asibiti, aka ce sankarar jini ce.

Likita yana neman ɗan'uwan da ɓargonsa zai dace da nawa, don a yi mini dashe. Ki je gwaji tare da ƙannenmu. Ba abin tashin hankali ba ne, amma kar ki jinkirta.

Inna kuwa, ki ce mata na yi ƙiba.

Ƙaninki