Irin Albasa a Gangar Baba

Laraba, 7 ga Maris, 2007. Bunkure.

Bayana ciwo yake saboda tsinkar tumatir, amma barci ya ƙi zuwa. Ɗazu rediyo ya sako wasu makaɗa 'yan ƙasar Ayilan, duk gida ɗaya: tsoho da 'yarsa da jikansa. Gogensu a hankali yake tafiya kamar ruwan kanal da asuba. Wai sau da yawa sukan kira take da sunan wanda ya koyar da shi, don kada a manta da mutum.

Na lumshe ido, sai ga ni ina yarinya, Baba yana kaɗa wa 'yan gayya gangar noma. Yanzu injin ban-ruwa ne makaɗin gona. Yayyena sun kama acaba, gangar kuwa tun da fatarta ta fashe irin albasa muke zubawa ciki.

Baba ya ce, "A can har mace tana gadon kiɗa?"

Na ce, "Ga shi ka ji."

Ban ankara ba yatsuna suka kama kaɗa taken kakanmu a kan faranti. Ba wanda ya koya min, ta bayan zana na ɗauka.

Can ya ce, "Hadiza, gobe ki nemo wa irin nan tukunya."