Shafi na Arba'in

Litinin, 3 ga Maris
Darakta ya kawo labarin fim ɗin a rubuce. Gobarar ɗakin haihuwa ce, shekara ashirin da biyu ke nan, ranar da aka fitar da jarirai tara da rai. Ni ce nas ɗin da ke bakin aiki, hotona jaridu suka buga. Ya ce, "Mama, ki duba mana." Na ce ai kuwa zan duba.

Alhamis, 6 ga Maris
Kurakurai goma sha ɗaya. Wutar da rana tsaka ta tashi, sun mayar da ita asuba. Wai har ina rera wa jariri waƙa cikin hayaƙi. Wa ke da numfashin waƙa? Auta ta ce, "Umma, fim ne fa, ba rahoton asibiti ba." Na ce in labarina ne, a faɗe shi yadda ya faru.

Asabar, 15 ga Maris
Na je wurin ɗauka. Yarinyar da ta fito a matsayina ta fi ni kyau, amma ba ta iya tallafe kan jariri ba. Na nuna mata da 'yartsana.
Sai aka zo shafi na arba'in, wanda aka ƙara daga baya: nas ta ƙame a bakin ƙofa, mai shara ta wuce ta, ta shiga. Na ce ban taɓa faɗa wa kowa haka ba. Darakta ya ce shi ya ƙirƙira, "don a ga ke ma mutum ce." Na ce a cire. Na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata.

Lahadi, 16 ga Maris
Ban fita ba.

Talata, 18 ga Maris
Ba wanda ya gaya wa Darakta abin da ke shafi na arba'in. Wa zai gaya masa? Mu biyu ne a barandar nan ranar gobarar, ni da Iya mai shara, ita kuwa ta rasu shekara shida ke nan. Ƙafafuna ne suka ƙi. Ita ta tsoma mayafinta a bokitin goge ƙasa, ta shiga, ta fito da biyu, ta ɗora min a hannu. "Riƙe, 'yar nan." Sai a komawarta na bi ta. Da 'yan jarida suka zo tana baya tana kwashe toka. Ba su tambaye ta ba, ni ma ban nuna ta ba.

Juma'a, 21 ga Maris
Darakta ya kira, wai sun cire, in kwantar da hankalina. Na ce ya mayar, tunda an riga an sha wahalar ɗauka. Na ce kuma jarirai biyu za ta fito da su, ba ɗaya ba, mayafin ya zama jiƙaƙƙe. Ya ce, "Mama, wai haka aka yi?" Na ce ina da girki a wuta.
Auta na zaune, ta ji komai, ba ta ɗago kai ba.
An ce 'yar Iya tana ɗinki a bayan tashar mota. Gobe dama ina da kayan da zan kai a rage min.