Ƙaton da Ya Shigo Falona

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Tarin ƙaramin ya lafa? Mu nan lafiya lau. Gwiwar mahaifiyarki tana samun sauƙi, har ta fara hawa matakala uku babu sanda.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne in gabatar da ƙorafi a kan na'urar wasan da kika aiko mata don ta ɗebe kewa bayan aikin gwiwar. Na san da kyakkyawar niyya kika yi, amma ki sani kin shigo mini da ƙato gida.

Kafin a fara wasan, sai mutum ya ƙera jarumin da zai ratsa dazuzzuka da shi yana yaƙar dodanni. Kowace gaɓa tana da ma'auni daga ɗaya zuwa ɗari: tsawon hanci, faɗin goshi, tazarar idanu, har kaurin murya. Ni da na shekara talatin da biyar a aikin safiyo, dole in yaba wa wannan tsari. Amma kwana huɗu mahaifiyarki ta yi a kan fuska ɗaya. Haɓa kaɗai ta ci mata wuni guda. Matar da ba ta taɓa lura na yi aski ba!

Abin da ya fito dogo ne, mai dogon wuya, da wushirya, da tabo a girar hagu. Tun ranar, shayina na ƙarfe huɗu sai huɗu da kwata yake isowa. Jiya na ji tana ce masa ya yi hankali da gada, da wata murya mai taushi wadda rabona da ita tun kina goye. Da na yi gyaran murya, sai ta ce in matsa, sanƙona yana tare mata dodo.

Ba kishi nake yi ba. Mai shekara saba'in da uku ba ya kishi da zane. Tambaya ce kawai: a ina ta san wannan fuska? Ba wanda zai zaɓi tabo a girar hagu haka siddan. Kafin in nemi aurenta, wani dogon direban jirgin ƙasa ya riga ni zuwa. Sau ɗaya na hango shi, kuma ban ji daɗin hangen ba.

Kada ki tayar mata da zancen. Ki gaishe da kowa.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na samu amsarki, kuma ban ga abin dariya a cikin maganata ba. Jikinmu lafiya, gidan ne babu daɗi.

Zan faɗa miki abin da na aikata bi da bi. Ranar Litinin, tana wanka, na buɗe shafin ma'aunan na kwafe lambobin fuskar nan, arba'in da bakwai cif, a littafin aljihuna. Sannan na tsaya gaban madubi da rula na auna tawa, na jera a gefe. A kunne kawai muka yi kusa.

Ranar Talata da safe ta tafi asibiti gashin ƙashi. Na ɗauki abin dannawar. Na rage wa ƙaton tsawo daga casa'in zuwa arba'in, na toshe wushiryar, na share tabon, na aske shi ƙwal, na ɗora masa tabarau. Sau biyu na'urar ta tambaye ni ko na tabbata. Ni da ban taɓa sa hannu a taswira ba sai na duba sau uku, na danna ba tare da na karanta ba.

Da ta dawo ta kunna, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta naɗe wayar na'urar a hankali. Ta ce mini yayanta ne, kawunku da ba ku sani ba, wanda zazzaɓi ya ɗauke tana 'yar shekara goma sha huɗu. Shi yake kai ta makaranta a keke, kuma tabon nan ya same shi ne ranar da suka faɗi ya tare ta da jikinsa. Bai bar hoto ko ɗaya ba. Shekara hamsin da biyar fuskarsa tana dushewa a ranta, sai da wannan wasa ta tattaro ta gaɓa-gaɓa. Ta ce ba ta jin za ta iya kuma, domin yanzu in ta rufe ido sanƙona take gani.

Auta, na san ta yi yaya da ya rasu, amma ban taɓa tambayar kamanninsa ba. Direban jirgi na riƙe.

Yanzu shayi ƙarfe huɗu daidai yake zuwa, kuma ba ya shayuwa. Lambobin suna aljihuna. In na miƙa mata, za ta ga layi na biyu, ta san tsohon safiyo ya tsaya gaban madubi da rula yana gasa da mamaci.

Ki sa mu a addu'a.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Ina gaishe ku, ina fatan yaran sun koma makaranta lafiya. Mahaifiyarki ta ajiye sanda gaba ɗaya.

Na miƙa littafin ranar Asabar. Na so in yage layi na biyu, amma ban taɓa yage shafin awo ba, ba kuma zan fara da tsufa ba. Ta karanta duka biyun, ta yi dariya har ta riƙe gwiwa, ta tambaye ni ko da rular ɗinkinta na auna hancin. Da ita ce.

Muka zauna, ina karanto lamba tana saitawa. Da muka kai ta talatin da tara, wushiryar ta buɗe, sai ta ajiye abin dannawar a cinyarta. Na tashi na ce zan duba famfon bayan gida, wanda lafiyarsa lau, na ba su minti goma sha biyar, ita da yayanta.

Sai dai akwai sabon ƙorafi. Wasan ya kai inda jarumi yake samun abokin tafiya, ta kuwa ƙera masa wani gajere mai sanƙo da tabarau, ta ɗora masa jakar kaya, ta raɗa masa suna Safiyo. Minti goma ta yi, na duba agogo. Kwana huɗu ga wani, minti goma gare ni! Da na nuna rashin adalcin, ta ce fuskar da take gani kowace safiya shekara arba'in da takwas ba ta bukatar nema.

Na karɓi wannan bayani. Amma ta sa kunnuwan a sittin da biyu, alhali hamsin da takwas ne, kuma har yanzu ƙaton ne a gaba, ni ina baya da kaya. Ki aiko da abin dannawa na biyu. Gadar nan da take tsoro na duba ta. An gina ta a karkace, kuma ba zan bar ƙaton surukina ya hau ba sai na auna.

Naki har kullum,
Mahaifinki.