Gurbin Dogo a Tsibirinmu

Talata, 4 ga Maris

Jiya na yi faɗa da Dogo. Ba ni na fara ba, wannan dai a rubuta a ajiye.

Ya zo gida hutun kwana uku don duba Inna, mahaifiyarsa, da jiki ya ƙi mata tun bara. Ya biyo ta shagon Kawu ya same ni ina ɗinke takardun wata ɗaliba, wayata a jingine da gwangwanin gam, tsibirinmu na wasan waya a buɗe. Shekara uku ke nan da ni da shi muka buɗe tsibirin nan. A jefa ka bakin teku ba ko riga, ka sari itace, ka hura wuta, ka yi bukka kafin sanyi ko kura su gama da kai. Mutum goma sha biyu kawai yake ɗauka, kuma a cike muke. Ko ranar Lahadi tare muka shiga muka yi wa awakinsa shinge.

Ya leƙa wayar ya ce, "Farfesa, har yanzu kiwon awaki?" Sai ya zaro tasa ya nuna min wanda suke bugawa can da mutanen wurin aikinsa. Birni guda, mutane kamar tururuwa. Wai wannan shi ne wasan cincirindo na gaske, namu kuwa ɗaki ne, mutum goma sha biyu da fitila ɗaya.

Na ce namu ma na cincirindo ne. Duniya ce da ba ta tsayawa in ka fita, ana ciniki, ana cin amana, me ya rage? Ya yi dariyar nan tasa ta hanci. Wallahi da bai yi dariyar ba.

Na ce, "Dole ka raina ƙaramin ɗaki mana. Ai shi ya sa ka gudu ka bar Inna kwance a cikin irinsa."

Kawu ya kashe injin hoto. Dogo ya mayar da wayarsa aljihu a hankali, ya ce, "Kawu, sai an jima." Ni ko kallo.

Alhamis, 6 ga Maris

Ya koma bakin aiki bai biyo ba.

Na kwashe kwana biyu ina karanta duk abin da aka rubuta a kan gardamar nan. Ashe mutane sun daɗe suna yaga juna a kanta. Na tura masa saƙo mai hujja biyar. Ta farko, ba wanda ya taɓa yanke adadin da ake kira cincirindo. Ta biyu, a nasu ma in za a shiga kogo mutum biyar ake ɗiba, sauran dubban ado ne kawai suna wucewa. Ta uku ba ta da ƙarfi, na sani, amma na sa ta don su cika biyar.

Ya karanta. Shiru. Wanda ba shi da amsa dama.

Asabar, 8 ga Maris

Na kai maganar guruf ɗinmu na hirar 'yan tsibiri, na yi da-na-sani. Tela ya ce shi in kura tana cin ƙafarsa bai damu da mutum nawa ke kallo ba. Nas kuwa, wadda nake ganin ta fi su hankali, cewa ta yi, "Farfesa, a wurin aikinmu ɗaki mai gado goma sha biyu ƙaramin ɗaki muke ce masa." Na ce gado ba ya sare itace. Ta turo min fuskar dariya har uku.

Mutane ba sa karatu, shi ne matsalar. Ni da ban wuce aji uku na sakandare ba, kundin digirin da na karanta a kan teburin nan kafin in sa masa bango ya fi wanda malamansu suka duba.

Talata, 11 ga Maris

Rufin bukkar Dogo ya fara ruɓewa, kwana tara bai shigo ba. Na gyara. Don kada ya faɗo kan hanyata ne.

Alhamis, 13 ga Maris

Inna ta rasu da safe.

Asabar, 15 ga Maris

Na je gaisuwa tare da Kawu.

Yayar Dogo ta ce in shiga in ɗauko mata kujeru a ɗakin Inna. Ban so ba. Ɗakin yana nan yadda na san shi tun muna yara muna ɓoye a ƙarƙashin gadon nan, fankar da ba ta da murfi, rediyon da aka ɗaure da roba. An naɗe katifar. A bango akwai wata farar takarda da aka manna da salatif, rubutun Dogo ne, ko a mafarki na san yadda yake karkatar da shi. Sunayen magunguna da lokutansu. Bakwai na safe, biyu na rana, takwas.

Yaya ta same ni tsaye ina kallo. Ta ce kullum sau uku yake kira, daidai lokutan nan, ba ya ajiye waya sai ya ji ta haɗiye. Wai har faɗa Inna take masa, "Kai ba ka da aiki ne?" Ta ce aikin ma da ya tafi nesa dominsa, saboda maganin ne.

Na sani. Abin da ya fi ci na ke nan, na san duk wannan tun kafin in buɗe bakina a shago.

Dogo yana zaune a tsakar gida, ya rame, gemu ba gyara. Na miƙa hannu, ya karɓa da kan yatsu.

"Allah ya ji ƙanta."

"Amin. Mun gode da zuwa, malam."

Malam. Tun muna aji biyu bai taɓa kirana da komai ba sai Farfesa, ko ɗan iska.

Inna ce take ajiye min ƙanzon tukunya don ta san ina so. Ban faɗa wa kowa wannan ba, wa zan faɗa wa.

Laraba, 19 ga Maris

Na zauna lokacin cin abincin rana zan ba shi haƙuri. Na rantse da niyyar da na zauna ke nan. Na fara da "Dogo, game da ranar nan," sai na ga ya kamata in bayyana abin da ya kawo maganar, sai na ga ya kamata in bayyana dalilin da ya sa maganarsa ta ɗaki ba daidai ba ce. Kafin in farga na rubuta layi talatin a kan adadin 'yan wasa, na kuma tura.

Mutum yana zaman makokin uwarsa na tura masa hujja ta shida.

Kawu ya ga fuskata ya tambaya, na nuna masa. Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, ya miƙo min wayar. Ya ce, "Ɗan nan, bakinka ya fi injin yankan takardar can kaifi. Shi aƙalla yana da murfi."

Na ce masa ai ba a fahimce ni ba ne. Ya koma kan aikinsa.

Juma'a, 21 ga Maris

Na ba awakin Dogo ciyawa. Na sake katakon ƙofa.

Litinin, 24 ga Maris

Tela ya zo har shago, wai hoton takardar haihuwa zai yi. Ƙarya, maganar gurbi ce ta kawo shi. Matarsa tana son shigowa tsibirin. Ta ce tunda kullum da yamma yana can yana gudun kura, gara ta bi shi ta ga kurar da idonta. Kuma mu goma sha biyu ne, sai an cire wani.

"Dokar kwana talatin fa, Farfesa, wanda bai shigo ba a cire shi. Ɗaya ga wata take cika."

Na ce mutumin yana cikin rashi, ku ji tsoron Allah.

Ya ce, "Mun sani. Ni na kira shi, Nas ta kira shi. Ya ce a ba wani, shi ya gama." Ya juya takardar. "Dokar kuma ai kai ka kafa ta. Lokacin da Direba ya kwanta asibiti ya daina shigowa cewa ka yi doka ba ta san asibiti ba."

Na faɗa. Har da ƙarin cewa tsibiri ba gidan ajiye kaya ba ne, na tuna, kowa ya yi dariya sai Direba.

In aka cire suna, bukkar mai sunan takan ɓace gaba ɗaya. Ta Dogo da tawa ne na farko a tsibirin, tasa ni na saro itacen shi ya gina, ya sa ƙofar ta kalli tawa wai don ya riƙa ganin lokacin da kura za ta cinye ni.

Dogo ya ɗauki wayar Tela. Ya ɗauki ta Nas.

Alhamis, 27 ga Maris

Na ɗinke wa wani babi na huɗu a kife. Ya yi ta masifa, na fara mayar masa, Kawu ya kalle ni, na kwance na sake.

Kundin a kan ƙauyuka ne, wai mutum nawa ne ke mayar da ƙauye gari. Marubucin ya yi shafi ashirin bai samu lamba ba. Da makon jiya ne da na ɗauki hoton shafin na tura wa Dogo.

Asabar, 29 ga Maris

Na sauke wasan nasa da intanet ɗin shago, ya cinye rabin wayata. Na ce bari in gani da idona, don in san ta inda zan rushe shi.

Ban taɓa ganin abu haka ba. Kasuwa, gadoji, mutane suna ratsa juna kamar hayaƙi, rubutu yana gudu a gefe da harsunan da ban sani ba. Na tsaya a tsakiyar fili kusan minti goma, ba wanda ya ce min ci kanka. A tsibirinmu kana shiga mutum goma sha ɗaya sun gani, kafin ka ɗaga gatari Nas ta tambaye ka ya jikin babanka.

Na nemi sunansa, wanda yake amfani da shi ko'ina. Yana ciki. Na same shi a bakin wani tafki yana kamun kifi, mutane sun fi ɗari a jere, kowa da sandarsa, ba mai magana da wani. Ni da wani suna na shiga, na tsaya kusa da shi kamar gunki.

Can sai ya rubuto, "Sabo ne kai?"

Na ce eh.

Ya ba ni sandar kamun kifi da takalma. Ya ce kada in bi ta gadar arewa, ana kashe sababbi. Haka yake, haka ya yi wa Tela ranar da ya fara shigowa tsibiri.

Na rubuta, "Kana da abokai a nan?"

"A'a. Shi ne daɗin wurin. Ba wanda ya san ni."

Na riƙe wayar. Kawu yana kirana in zo in karɓi aiki, ina ji, na kasa tashi. Da ya shigo tsibiri da mutum goma sun taru a ƙofar bukkarsa da gaisuwa, ni kuma ina tsaye a tsallaken hanya, ƙofata tana kallon tasa.

Mun kama kifi tare kusan rabin awa. Ban faɗa masa ko ni wane ne ba. Da zan fita ya ce, "Sai wani lokaci, aboki." Abin da ake ce wa kowa.

Litinin, 31 ga Maris

Gobe.

Talata, 1 ga Afrilu

Tela ya ce in ba zan iya cire sunan Dogo ba shi zai yi. Na ce ni na kafa dokar.

Na fara kwashe awakin na kai garkena, su bakwai. Na shiga bukkar na duba akwatinsa. Igiya, busasshen nama, da gatarin dutsen nan na farko da na yi masa, wanda ba ya saran komai. Shekara uku yana ajiye da shi, wawa. Ban ɗauka ba, sai kuma na koma na ɗauka.

Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna.

Ba ƙara, ba komai. Fili ne kawai mai kusurwa huɗu, ciyawar wurin ta fi ta gefe haske.

Da la'asar matar Tela ta shigo, tana ta gudu tana faɗawa ruwa, Tela yana bin ta yana ihu a guruf. Ta zo ta tsaya a filin ta ce, "Nan ba kowa? In gina?" Tela ya fara cewa akwai wani wuri can bayan dutse.

Na ce ta gina. Ya fi ko'ina kusa da ruwa, wanda ya zaɓe shi ya san abin da yake yi. Na saro mata itace.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Jiya da safe na tura wa Dogo saƙo. Layi uku, na ƙirga.

"Ɗaki ne, ka fi ni gaskiya. Abin da na faɗa a kan Inna ƙarya ne, kuma na san ƙarya ne lokacin da nake faɗa. Ka yafe ni."

Ya karanta ƙarfe biyu da minti huɗu na rana. Lokacin maganin rana ke nan, wataƙila hannunsa ne bai daina ɗaukar waya a lokacin ba.

Bai amsa ba. Yatsana ya yi ta ƙaiƙayi, akwai abubuwa kamar huɗu da zan iya ƙarawa. Na kife wayar na ci gaba da ɗinki.

Yau wani ɗalibi ya tsaya a kaina yana gaya wa abokinsa wani shirme a kan wasanni, ko ɗaya ba daidai ba. Na sa masa bangonsa na miƙa masa. Kawu ya leƙo ta saman tabarau ya ce ko ba ni da lafiya ne. Na ce gajiya ce.

Akuyar Dogo mai baƙin kunne ta haifi biyu. Ban gaya wa kowa ba tukuna.