Gonaki Biyu na Mama Keziya

Kafanchan, Litinin

Kawu Leonard,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Anti Rosemary da ƙafarta?

Kawu, na maƙale. Ka san manhajar da nake haɗa wa ƙungiyar manoman citta ta Kwoi, wadda za a raba iri da ita ranar Juma'a, kowace gona buhu ɗaya. Na haɗa kowane manomi da gonakinsa a databes, wato rumbun bayanai, na rubuta gwajin da zai duba ko haɗin daidai ne. Da na kunna sai ya yi ja, alamar akwai kuskure, wai na miƙa gonakin a "lis" alhali a haɗin na ce "set" ne. Kwana biyu ke nan muna hararar juna da shi.

Shawarata in mayar da gwajin shi ma set, kowa ya huta. Kai da ka koya mini wannan aiki, me ka gani?

Taka,
Hephzibah

Mararaban Rido, Talata

Ɗiyata Hephzibah,

Salama. Ƙafar antinki da sauƙi, bakinta kuwa ƙalau yake.

Kada ki taɓa gwajin tukuna. Shi ƙararrawa ce, ba a cire ta don ta dame mutum. Tuna abin da na faɗa muku a aji, ranar da kike gyangyaɗi a bencin baya: lis yana riƙe duk abin da aka ba shi ko da ya maimaitu, set kuwa in ya ga abu biyu iri ɗaya, ɗaya yake ajiyewa. To, da me manhajarki take bambanta gona da gona? Ɗauko takardun da manoman suka cika da hannu ki duba kafin ki yanke.

Ubangiji ya ba ki hikima.

Kawunki,
Leonard

Kafanchan, Laraba

Kawu,

Ina gaisuwa, kuma da kunya nake rubutu. Kafin wasiƙarka ta iso na riga na canja gwajin. Ya yi kore, alamar komai daidai, har na sayi tsire na taya kaina murna.

Da na karanta taka, na hau mashin zuwa Kwoi, muka zauna da sakataren ƙungiyar, Yafet, da tulin takardu. Gonaki 412 a takarda, 409 a manhaja. Kawu, mutanenmu ba sa ba gona lamba, da wurin da take suke kiranta, ni kuma da suna na ce a bambanta su. Wata dattijuwa, Mama Keziya, ta rubuta "Bakin Rafi" sau biyu, set ya haɗiye ɗaya. Haka ya yi wa wasu mutum biyu.

Yafet ya ce wataƙila kuskuren rubutu ne, sai muka je gidanta. Ta dube ni ta ce, "Yarinya, ba mistek ba ne. Na sama nawa ne. Na ƙasa na ɗana Asher ne da ya rasu bara, ni ke noma wa yaransa." Da na bar koren nan, da marayun sun rasa iri bana, kuma ba wanda zai san dalili.

Na mayar da haɗin lis, na ba kowace gona lambarta, na dawo da gwajin yadda yake. Na ƙara sabo: manomi ɗaya, gonaki biyu masu suna ɗaya. Duk sun yi kore, lissafi 412 cif. Raina fes yake.

Taka mai taurin kai,
Hephzibah

Mararaban Rido, Lahadi

Ɗiyata,

Bayan sujada wani direba ya kawo mini ƙullin busasshiyar citta, ya ce daga Mama Keziya, wadda ta koma gida da buhu biyu ranar Juma'a; ashe kin ba ta labarina. Antinki ta riga ta dafa shayi da ita, muna sha yanzu.

Sabon gwajin nan ki sa masa sunan Asher. Duk wanda zai gaji aikinki, kafin ya goge shi sai ya tambaya ko wane ne Asher.

Ubangiji ya kiyaye ki.

Kawunki,
Leonard