Ni na kashe duwatsun ƙanena, wani ake tuhuma

Assalamu alaikum, mai shafi da masu karatu. Ku ɓoye sunana. Kuma mai niyyar zagi ya kai ƙarshe tukuna, don duk zagin da zai yi na riga na yi wa kaina.

Shekaruna hamsin ba ɗaya, manomi ne ni a Magariya, lakkwal aji huɗu na tsaya. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya shi aka bari ya yi karatu, ni ina gona. Ya yi shekaru a Kwatano yana harkar motoci, ya dawo ya gina gida, ya kafa akwatin gilashi a falo, tsawonsa ya kai gado. Ruwan gishiri ne a ciki, da fitila shuɗiya, da wasu duwatsu masu rassa kamar ƙahon barewa, kore da ja da ruwan hoda. Ya ce murjani ne mai rai, wai dabba ce, kowane reshe da bakuna ƙanana da ba su kai ƙwayar gero ba. Dabba? Ba ta tafiya, ba ta kuka. Ya jera panno na wutar hasken rana a rufi, ya sa na'urar sanyi don kada ruwan ya ɗumama, mu kuwa zafin bazara na gasa mana ƴaƴa. Kullum sai ya ɗebi ruwan a ƴar kwalba, ya ɗiga magani, ya ɗaga yana kallon launi. Ba haka boka ke yi ba?

Ba ni kaɗai na faɗa ba. A majalisarmu wani dattijo ya ce, "Dutsen da ake ba abinci ai ba dutse ba ne." Sai na fara lura. Tun da abin ya shigo, harkarsa gaba take yi, ni damina biyu gyaɗa ba ta yi ba, san garmana ya faɗi ya mutu. Na tambaye shi gaba da gaba. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Haba Yaya, sha'awa ce kawai, kamar yadda kake kiwon tantabaru." Dariyar nan ta tsaya mini a wuya.

Da zai yi tafiyar sati biyu, ni ya ba makulli. Ya nuna mini bido, wato jarka, na ruwan da inji ya tace, ya ce in ƙara in ruwa ya sauka, ya ce, "Don Allah Yaya, ko yatsa kada ka tsoma." Yana tafiya na hau babur zuwa wajen wani malami a Sassumbrum. Ya ba ni rubutu, ya ce in jiƙa shi da jar kanwa curi guda in zuba, in akwai abu a ciki zai fita. Na zuba. Ruwa ya yi fari kamar ruwan tsarin gero. Washegari naman duwatsun na saɓulewa kamar fatar da ta ƙone, kwana uku duk sun koma farin ƙashi, falo na ƙarni. Na ji tsoro, amma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ma.

Ya dawo ya zauna a ƙasa gaban gilashin, bai ci abinci ba. Shekara shida yake renon su, in ji shi. Ya tambaye ni ko kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, sai na ji bakina ya ce e, yini guda. Ƙarya ce. Ita ta faɗa kan mai gyaran panno, mutumin Dogo-Dogo mai ƴaƴa bakwai, wanda ya canja batura kafin tafiyar. Ƙanena ya ce ya sa masa tsofaffi ya sayar da sababbi, ya bi gidajen da ke ba shi aiki yana faɗa, yanzu ba mai kiransa. Ran Litinin za su jandarmeri. Mutumin ya tare ni a kasuwa, ya riƙe hannuna, ya ce, "Malam, kai ne a gidan, ka faɗa musu wuta ba ta ɗauke ba." Na ce ban san kan inji ba.

Ga wani abu kuma. Shekaranjiya ƙanena ya ce ya aika ruwan akwatin zuwa Kano a gwada. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Yaya, kai kaɗai ne ba na zargi." Me ya kawo wannan maganar? Ya sani ne, yake jira in fallasa kaina gaban hukuma? Ko malamin ya yi surutu? Kuma har yanzu zuciyata na ce mini, in dabba ce kawai, me ya sa ta mutu da aka zuba mata ayar Allah? Kanwar ce? Ban sani ba.

In na faɗa, na rasa ɗan'uwa, gari ya kira ni mahassadi har kabari. In na yi shiru, Litinin saura kwana uku, kuma ni ne shaidar da za a kira. Me zan yi?