Yaya Hadiza, Ni Nake Shayar da Ɗanki

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ina gaishe ki, duk da na san wannan takarda ba za ta iske ki ba. Maganar ce ta yi mini nauyi, kuma ban da wanda zan faɗa wa sai ke.

Ɗanki yana raye. Mijinki Isuhu ya raɗa masa suna Aminu.

Kin tuna da hantsin da kika haihu a ɗakin Inna a Magama? Kika miƙa hannu a ba ki shi, Gwaggo da ta karɓi haihuwar ta ce a dakata, nonon farko dakashi ne, sai an matse an zubar tukuna. Aka ɗiga masa ruwan dabino. Haka ake yi wa yawancin masu jego a unguwarmu, ni ma haka aka yi mini, babu wanda ya ga aibu. Kina kwance kina kallonsa a hannun mutane, sai jini ya ɓalle miki. Ga shi Isuhu ya tsallaka Maraɗi da kaya a motarsa. Kafin a samo wata motar zuwa asibitin Jibiya, kin cika. Ko sau ɗaya bakinsa bai taɓa ƙirjinki ba.

Daga baya wata ma'aikaciyar asibiti ta gaya mini cewa sa jariri a nono da zarar an haihu yana taimaka wa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu, dakashin kuma kariya ne ga yaro. Ba ta ce da kin tsira ba. Amma wa zai cire mini wannan tambayar daga rai? Gwaggo ta daina karɓar haihuwa, ko sunanki ba ta iya ambata.

Aminu ya ƙi madarar gwangwani, ya rame har kukansa ya daina fita. Sai na sa shi a nonona, shi gefe guda, 'yata Zainabu gefe guda. Nonon ba ya isar su, dukansu biyu ba su da ƙiba. Auren da muke ƙulla musu da wasa tun yana ciki ya tashi, tunda sun sha nono ɗaya, yanzu sun zama ya da ƙane.

Yaya, duk lokacin da ya kama nono sai in ji kamar haƙƙinki nake ci. Wani lokacin har haushinki nake ji da kika tafi kika bar mini wannan. Idan ya buɗe baki, ni zai kira uwa. Da wane harshe zan ce masa ba ni ba ce?

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki. Sai mun zo.

Ƙanwarki,
Binta